Jar Ƙwaya Mai Wutsiya da Kircin Ɗan Farina

Da sunan Allah nake farawa, shi ya saukar da cutar, shi kuma ya bar mini yaron. Na rubuta wannan ne saboda matan da 'ya'yansu ke hannun kaka, da kuma duk wanda yake cewa bitamin ba ya illa. Ni ma a da haka nake cewa.

Sunana Rabi, 'yar Zurgu ce ni, aure ya kawo ni cikin garin Rano. Maigidana direba ne, yana jan bas tsakanin Rano da Kano. Ɗan farinmu sunan kakansa na wajen uba aka sa masa, Usman, ana ce masa Shehu. Yau ga shi na rubuta sunan har biyu, amma a wancan lokacin ko da wasa bai taɓa fitowa daga bakina ba. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa a gaban manya, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban surukai. In ya faɗi a gabanki sai ki kalli bango har wata ta ɗaga shi. Ni kuwa na ƙware a wannan fanni. A gidan suna sai ka ji ana cewa ai Rabi akwai kawaici, ni kuma ina jin daɗin yabon, ina ƙara sunkuyar da kai.

Tun yana goye kircin ya fara masa. Bayan gwiwa, lanƙwasar hannu, wuya, sai kumatu. Wurin ya bushe ya yi kaushi, ya yi ta susa har ya fashe ya kawo ruwa. Da lokacin yaye ya zo, ina da ƙaramin ciki, sai aka ɗauke shi aka kai shi Kahu ta ƙasar Kibiya wajen Iya, mahaifiyar maigidana. Bayan ƙaddamar da Shari'a ne da kaɗan, siyasa kuma ta dawo da zafinta, kowane bango da hoton ɗan takara. Na ji daɗin tafiyarsa a baki, domin haka ake so a ji. A zuci kuwa tunanin wuyan nan nasa mai ƙaiƙayi nake yi, da wanda zai riƙa yanke masa farce.

Iya mace ce mai son jikanta, wannan ba zan ɓoye ba. Mijinta take ce masa, tana tsokanarsa wai ya zo gidanta da fatar kada. Makonnin farko duk wanda ya shigo dubiya da maganinsa a baki. Wata ta ce a dafa ganyen darbejiya a yi masa wanka. Wata ta ce sabulun salo, a dirje wurin sosai har sai ya yi ja. Aka hana shi ƙwai, aka hana shi kifi, aka hana shi ƙuli, har na fara tunanin nan gaba ruwa za a hana shi. Wata tsohuwa kuma ta duba tabon kumatunsa ta ce Allah dai ya sa ba babbar cuta ba ce. Kowa ya san kuturta take nufi. Ina zaune a bakin ƙofa ina tsince shinkafa kamar ban ji ba, amma ranar ban iya haɗiye tuwo ba.

Maganar tsohuwar nan ce ta sa Iya ta yarda aka kawo shi asibiti a Rano. Muka yi sammako, muka tarar da layi ya riga mu, muka zauna a kan benci har rana ta take. Iya ce ta shiga da shi, ni ina waje riƙe da jaka. Da ta fito ta ce likita ya ce ba waccan ba ce, wai sunanta ekzima, a daina sabulu mai zafi, ga wani ɗan man shafawa. Man ya yi aiki, sai dai bututun bai fi yatsa ba. Yana ƙarewa bazara ta kama, gumi ya sauko, kircin ya dawo har ya fi na da.

A nan bitamin ya shigo. Wani fasinja da ya zauna a gidan gaba, kusa da direba, ya ji maigidana yana ba yaron mota labarin ciwon, sai ya ce ai wannan daga jini ne, jinin yaron ba bitamin, shi ma ɗan ƙanwarsa da shi ya warke. Maigidana kuwa duk maganar da aka faɗa masa a gidan gaba ta zama karatu. A ranar ya sayo kwalbar bitamin na ruwa a kemis ya aika Kahu.

Sai Talatu, ƙanwar maigidana da ke wajen Iya, ta ga kwalbar ta yi dariya. Ita kansilan mazaɓarsu ya sama mata aikin shiga gida-gida ana ɗiga wa yara magani, tunda maza ba sa shiga gidajen matan aure. A cikin kayan aikin akwai wata jar ƙwaya mai laushi, mai 'yar wutsiya, a yanke wutsiyar da almakashi a matse man a bakin yaro. An gama zagaye, sauran ƙwayoyin suka rage a hannunta cikin roba. Ta ce wa Iya wannan shi ne bitamin na gaske, na gwamnati, ya fi na kemis ƙarfi, kuma kyauta. Ba da mugunta ta yi ba. Yarinyar nan ita take goya Shehu zuwa rijiya.

Aka fara ba shi jefi-jefi, ga na ruwan kuma safe da yamma. Sai aka yi dace, ko rashin dace, ruwan farko ya sauka, gari ya yi sanyi, gumi ya ragu, fatar ta ɗan kwanta. Iya ta aiko a gaya wa ɗanta magani ya karɓi yaro. Na yi murna har na dafa wake da shinkafa na raba wa yaran maƙwabta, na ce sadakar ciki ce. Tunda magani ya karɓe shi, Iya ta ga ba dalilin yi masa rowa, ta mayar da jar ƙwayar kullum.

Zuwa Kahu ba ya yiwuwa haka kawai. Ba zan ce zan je ganin ɗana ba, wa zai ji wannan rashin ta-ido? Sai in nemi dalili. Yau na kai wa Iya daddawa, wani makon na je barkar haihuwa a maƙwabtansu, wani makon kuma in ce na ji tana ciwon ƙafa. Idan na je na gaishe ta, in tambayi kowa har akuya, sannan in ce, “Ya mutanen gidan?” Ita kuma ta san wanda nake nufi, ta ce lafiya lau. Da wutsiyar ido nake ganinsa.

Da wutsiyar idon na ga leɓensa ya tsage, gefen bakin ya yi ja. Zuwa na gaba na ga tafin hannunsa yana saɓa, fata tana ɗayewa kamar ɓawon albasa, a wurin da kirci bai taɓa taɓawa ba. Gashin kansa ya yi shara-shara, ina ganin silinsa a zanin goyon Talatu. Yaron da yake bin kaji da gudu ya koma zama wuri ɗaya, in an taɓa ƙwaurinsa ya sa kuka. Matan gidan suka ce alhamdu lillahi, ciwon ne yake fitowa, magani ya koro shi daga ciki. Iya ta ce to a ƙara masa ya gama fitowa gaba ɗaya.

Na yi wa maigidana magana a ɗaki, a kaikaice, na ce yaron wajen Iya kamar ya rame. Ya ce Iya ta rene su duka ba wanda ya mutu a hannunta, kuma bitamin ai abinci ne, wa ya taɓa jin abinci ya kashe mutum. Ya ƙara da tsokana, wai yaushe na fara kula da yaron wajen Iya. Na yi dariya tare da shi. Tsoro dai bai bar ni ba.

Wata ranar na je Kahu na ɗauki tsintsiya zan share wa Iya ɗaki, kamar yadda suruka take yi. Da na jawo sharar bayan gado sai ga jajayen wutsiyoyin nan da aka yanke, tuli guda, sun cakuɗe da ƙasa. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Na tuna lokacin da masu aikin irin na Talatu suka shigo gidanmu na Rano, ɗaya tak suka matsa wa ɗiyar maƙwabciyata, da uwar ta ce a ƙara mata suka ce sai wani zagayen. Ban yi boko mai zurfi ba, amma na ga abin da ake ba yaro ɗaya-ɗaya a jira watanni, ga shi an tara wutsiyarsa kamar ɓawon gyaɗa. Robar tana kan kwalla, na buɗe na ɗauki ƙwaya ɗaya na ƙulle a bakin gyalena. Na fito na yi wa Iya sallama, ta ce in gaida gida, na ce za su ji. Na yi ta juya maganar a bakina har na hau mota ban faɗa ba. In na faɗa, na nuna ina sa ido a kan ɗan fari, na kuma nuna uwar mijina ba ta iya reno ba.

Ba a rufa mako ba, da hantsi, wani direban Kibiya ya tsaya a ƙofar gidanmu ya ce Iya ta ce a zo. Maigidana ya sauke fasinjojin da ya fara lodi, muka tafi da motar ba kowa. Muka tarar da Shehu a cinyar Iya, ya yi amai har ba abin da ke fitowa, yana dafe kai da hannu biyu, kukan ma ba ƙarfi. Da ya buɗe ido na ga ɗaya ya karkace ya nufi hanci. Wani maƙwabci ya ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Maigidana bai tsaya saurare ba, ya ɗauke shi ya sa a mota. A asibitin Rano suka duba idon suka ce mu wuce Kano kada mu tsaya ko'ina.

Hanyar Kano ban taɓa ganin tsawonta ba sai ranar. Iya tana kujerar tsakiya da shi, Talatu a gefenta, ni a can baya. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ga kansa ya langaɓe a kafaɗar Iya. Ina son in miƙa hannu in tallafe, hannun ya ƙi tashi daga cinyata. Addu'a nake yi ba sauti, ina cewa ya Allah kada ka karɓe shi bai taɓa jin na kira shi ba.

A babban asibiti aka sa mu yankar kati, aka tura mu wata taga, daga can aka dawo da mu ta farko, yaro yana hannu yana numfashi sama-sama. Allah ya saka wa wata nas da ta wuce ta ga idonsa, ta janye mu daga layi ta shigar da mu. Likitar mace ce, ba fara'a, ba ɓata lokaci. Ta danna cikinsa, ta haska idonsa, ta duba tafin hannun da leɓen, ta ja gashinsa kaɗan ya biyo yatsunta. Sai ta tambayi wane magani ake ba shi.

Iya ta lissafa tsakaninta da Allah. Darbejiya, sabulun salo, man asibitin Rano, rubutun da aka karɓo, jiƙon da wata ta kawo. Likitar ta ce sai me? Iya ta ce shi ke nan. Ba ƙarya ta yi ba, a wajenta bitamin ba ya cikin magani, ɗan'uwan kunu ne. Na dubi Talatu, ta sunkuyar da kai, ina jin aikinta ta tuna. Maigidana an bar shi a waje. Likitar ta ce abin da take gani bai yi kama da abin da aka faɗa mata ba, za su ɗebi ruwan bayansa su duba ko sanƙarau ne, ta fara rubutu.

Ina tsaye a jikin ƙofa riƙe da jaka, inda na saba tsayawa. Ban san lokacin da na taka na isa teburin ba. Na kwance bakin gyalena, ƙullin ya ƙi kwantuwa sai da na sa haƙori, na ajiye jar ƙwayar a gabanta.

“Ana ba shi wannan,” na ce. “Kullum. Kwanan nan har sau biyu. Da na ruwa na kemis.”

Ta ɗauka ta juya ta, ta ajiye biro. “Tun yaushe?”

“Tun farkon damina.”

Ta dube ni sama da ƙasa. “Ke wace ce a wajensa?”

Iya tana nan, Talatu tana nan, nas tana nan.

“Ni na haife shi.”

“To ina kike tun ɗazu?”

Ba ta jira amsa ba. Ta juya ga Iya ta ce, “Mama, wannan guda ɗaya ake ba yaro, sai bayan kamar wata shida a sake. Bitamin ma in ya yi yawa guba ne. Wannan ba ya fita da fitsari, a hanta yake taruwa.” Ta ce saɓar fatar da zubar gashin da ciwon ƙashin duk ba kirci ba ne, ƙwayar ce, ita ce kuma ta hau masa kai. Wato duk lokacin da aka ce ciwo yana fitowa aka ƙara masa, ciwon ake ƙarawa. Iya ta zauna a ƙasa, a kan simintin asibiti, ta ɗora hannu a ka.

Aka ba mu gado, aka sa masa ƙarin ruwa, aka ɗebi jini. Na tambayi nas ko akwai allurar da za ta wanke abin, ta ce babu, sai dai a daina ba shi a jira jiki ya rage da kansa, a kuma yi addu'a. Wannan jiran shi ne mafi tsanani a duk jinyar. Yana kwance yana barcin da ba barci ba, in an ɗaga hannunsa ya koma yaraf. A gadon kusa da mu aka rufe wani yaro da zani aka fita da shi, uwarsa tana biye ba takalmi. Daga ranar na daina kallon ƙofa. Kuɗin gwaji da na abinci suka cinye gyaɗar da na ajiye da tunkiyata, motar maigidana kuma tana tsaye a bakin asibiti ba lodi. 'Yan dubiya suka zo daga Kahu da Zurgu, Allah ya saka musu, sai dai har a nan wata ta kawo mini ƙullin magani a ɓoye wai in jiƙa masa in nas ta fita. Na karɓa na gode, na zuba a kwandon shara.

Wata safiya likitar ta zo zagaye ta ce a kira shi ta ga ko zai amsa. Iya ta sunkuya ta kira shi mijinta, ta kira Shehu, ta yi masa waƙar da take masa, bai motsa ba. Likitar ta ce uwar ta gwada. Na matso. Na sa bakina a kunnensa.

“Shehu,” na ce. “Shehu, tashi, ni ce.”

Ba zan ce muryata ce ta tashe shi ba, ƙila lokacin ne ya yi. Amma ya motsa gira, ya buɗe ido, ya dube ni da mai kyan da karkataccen, ya daɗe yana kallo kamar yana tunanin inda ya san ni. Sannan ya ce ruwa. Na yi kuka a gaban uwar mijina, da sauti, ban rufe fuska ba.

Daga nan sauƙi ya riƙa zuwa a hankali. Aman ya tsaya, ya karɓi kunu, idon ya riƙa komawa wurinsa, sai dai mun koma gida da jimawa kafin ya daidaita. Gashin ya fito. Tafiya sai da ya sake koyo yana bin bango. Talatu ta mayar da sauran robar inda ta karɓo, ta zo ta durƙusa tana kuka, na ce ta tashi, a cikinmu ba wanda ya so shi da sharri.

Kircin kuwa yana nan, bai je ko'ina ba. Ranar sallama na yi ƙarfin hali na tambayi likitar ko da gaske bitamin yana maganinsa. Ta ce akwai masu ganin wani iri daban, ba wannan ba, yana ɗan rage wa wasu, amma ba a tabbatar ba, kuma ko shi sai an auna an faɗi adadi. Ta ce abin da ta sani shi ne a bar sabulu mai zafi, a bar dirza, a yanke farce, a shafe shi da mai tun jikinsa da danshin wanka, man kaɗanya ma ya isa, in ya tashi sosai a zo a karɓi na asibiti. Haka muke yi. Wata shekarar ya kwanta, wata ya motsa. Ina godiya ga likitar nan duk da ba ta taɓa yi mini murmushi ba. Ƙorafina kuma yana kan masu ba mutane ƙwaya su raba ba su gaya musu abin da yawanta yake yi ba, da masu rubuta magani daga gidan gaban mota. Duk abin da ake sa wa yaro a baki, ko an ce abinci ne, ku faɗa wa likita. In kakar ta manta, uwar ta faɗa.

Abin da na fi jin tsoro bayan an sallame mu shi ne Iya. Tun maganar da na yi a gaban likita ba ta ce mini komai a kai ba, ni kuma ban iya haɗa ido da ita ba. Muka sauka a Kahu, gida ya cika da mata 'yan barka. Na koma bakin ƙofa na zauna inda na saba. Talatu ta yi wa Shehu wanka ta kawo shi a tawul ta miƙa wa Iya, aka ajiye mata gwangwanin man kaɗanya. Iya ta buɗe, ta lakato, sai ta tsaya. Ta ɗago ta neme ni a cikin matan.

“Rabi, taso,” ta ce. “Karɓi ɗanki ki shafa masa. Ke kika san inda yake masa ƙaiƙayi.”

Wata tsohuwa ta fara cewa ai ɗan fari ne, Iya ta ce ta sani, a gabanta aka haife shi. Na tashi na karɓe shi na ɗora a cinyata, na fara daga bayan gwiwa.